Daga Ƙofar Gida Zuwa Bakin Titi: Yadda Ake Binciken Tsaron Mata a Tsarin Birnin Abuja

Ɗalibar digiri na biyu ko na uku da ta zaɓi bincike a kan tsaron mata da tsarin birnin Abuja takan yi tuntuɓe tun kafin ta fita fili. Za ta buga fom ɗin tambayoyi ɗari huɗu, ta tsaya a Berger ko Area 1 tana tambayar mata ko suna jin tsoro da dare, kashi kaza su ce e, sannan a babi na biyar ta ba da shawarar a ƙara fitilu da kyamarori da 'yan sanda. Kundin zai wuce, amma babu injiniyan da zai gyara komai da shi, domin bai faɗi wace fitila ba, a wane gefen titi take, da ƙarfe nawa take mutuwa.

Abin da ya kamata a bincika shi ne tafiyar kanta, daga ƙofar gidan mace har inda za ta, da dawowarta. Tsoro a gaɓoɓi yake taruwa: lungun da ke tsakanin gida da inda ake samun acaɓa, bakin babbar hanya inda ake jiran mota, gadar tsallake titi, cikin motar, da ɗan takin ƙarshe zuwa ofis ko asibiti ko gidan aiki. Binciken da ya ware waɗannan gaɓoɓi ya auna su ɗaya bayan ɗaya shi ne zai yi amfani.

Yawan gaɓoɓin nan yana da asali. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ce ta ƙirƙiri Yankin Babban Birnin Tarayya, a 1979 kamfanin International Planning Associates na Amurka ya miƙa babbar taswirar birnin, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Taswirar ta ware wajen ofisoshi daban da wajen zama, ta haɗa su da manyan hanyoyi masu faɗi, ta bar filayen sufurin jama'a da aka shafe shekaru ba a gina ba. Jirgin ƙasa na cikin gari sai a 2018 aka buɗe shi, ya tsaya a 2020, ya dawo a 2024, kuma bai bi ta Nyanya da Mararaba ba inda cunkoson yake.

Tsadar haya ta tura yawancin ma'aikata Nyanya, Karu, Kubwa, Lugbe, Dei-Dei da Gwagwalada, wasu har Masaka a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, a 2013 aka hana ƙananan bas-bas. Talaka ya koma dogaro da motocin gida marasa fenti masu kabu-kabu, waɗanda ake ce wa alon. A wannan giɓi 'yan wan-cans suke cin karensu babu babbaka: mota da fasinjojin bogi, a ɗauki mutum a bakin hanya, a ƙwace waya da katin banki, a jefar da shi. Laifi ne na masu laifi, amma tsarin gari ne ya tsayar da mace a bakin hanya da ƙarfe 5:30 na asuba tana tsayar da motar da ba ta san mai ita ba. Wannan haɗin shi ne ainihin batun binciken.

Matakin farko shi ne rage buri. Mai digiri na biyu yana da kamar shekara guda ne na fita fili da rubutu, ba shi da kuɗin karaɗe ƙananan hukumomi shida na yankin. Hanya ɗaya ta ishe shi: Nyanya zuwa AYA, ko Kubwa zuwa Berger, ko Lugbe zuwa Area 1. A kan hanyar ma ya zaɓi rukuni biyu ko uku da lokacin fitarsu ya bambanta, misali masu sharar titi da ma'aikatan jinya da ke fita kafin gari ya waye, 'yan kasuwar Wuse da ke tashi bayan magariba da cinikin yini a jaka, da 'yan mata masu talla ko aikatau. Hajiyar da ke tuƙa motarta daga Maitama da mai fura da nono da ke takowa daga bayan gari titi ɗaya suke bi, amma damuwarsu ba ɗaya ba ce.

Me ake aunawa

Abubuwa uku ne, kuma cakuɗa su shi ne kuskuren da ya fi yawa. Akwai abin da ya faru: ƙwacen waya, taɓa jiki a cikin mota, bin mace a baya, maganganun banza, fyaɗe. Akwai fargaba, wadda kan yi yawa a inda ba a taɓa yin komai ba, ta yi ƙasa a inda ake ta'adi kullum amma an saba. Sai na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, wato abin da mace ta sauya ko ta fasa: aikin dare da ta ƙi karɓa, karatun yamma da ta bari, zagayen da take yi don kauce wa wani kango, ƙarin kuɗin Bolt, motar haya da ake kira ta manhajar waya, in ta makara, ƙanin da ake tasowa daga barci ya rako ta bakin titi. Wannan ana iya mayar da shi mintuna da naira, kuma da irin wannan lissafi ake shawo kan masu kasafin kuɗi.

Kada a dogara da rajistar 'yan sanda. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun fuskanci duka ko wani cin zarafi na jiki, kashi 9 kuma cin zarafi ta hanyar lalata, amma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimakon kowa ba. In haka ake a manyan laifuka, wace ce za ta je caji ofis don an matse ta a kujerar baya? Akwai kuma wani gargaɗi: mafi yawan cin zarafin mata a gida yake faruwa, daga hannun wanda aka sani, kuma fitila ba ta maganin wannan. Kundin gaskiya sai ya faɗi iyakarsa tun a babi na ɗaya.

Tambaya ma da yadda ake yin ta. In aka ce wa mace "An taɓa cin zarafinki?" yawanci a'a za ta ce, don kunya ko don a ganinta abin bai kai nan ba. A tambayi aiki da wuri da lokaci: "A cikin wata 12 da suka wuce, wani ya taɓa jikinki ba da yardarki ba a motar haya? A ina kika hau? Da ƙarfe nawa?" A shirya fom ɗin da Hausa da Turanci da Turancin buroka, a gwada shi a kan mata 20 zuwa 30 kafin a buga na gaske.

Zagayen duba

Ginshiƙin aikin fili shi ne zagayen duba na mata. Wata ƙungiya a birnin Toronto na Kanada, METRAC, ce ta fito da shi a 1989, daga baya hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yaɗa shi, a Indiya kuma aka mai da shi manhajar waya mai suna Safetipin a 2013. Hikimar ita ce macen da ke bin wuri kullum ta fi kowane injiniya sanin inda ƙirjinta ke bugawa.

A tara mata biyar zuwa takwas masu bin hanyar da gaske, ba ƙawayen aji ba. A ɗauki tazarar da ba ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba, a raba ta zango-zango na mita 50 ko 100, kowane da lambarsa a taswira. A kowane zango a tsaya, kowace mace ta ba da makinta ita kaɗai kafin a buɗe baki, domin in babbar cikinsu ta fara magana sauran binta za su yi. Mutum ɗaya ya riƙe waya mai manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu intanet kuma tana ɗaukar daidai wurin da aka tsaya, daga baya a zuba bayanan a QGIS, manhajar zana taswira. A yi zagayen sau uku aƙalla: da asuba tsakanin 5 da 6, da rana tsaka, da dare tsakanin 7:30 da 9. Rana a Abuja ba ta fitowa kafin ƙarfe 6, zuwa 7 na yamma kuma ta faɗi, don haka wadda ke barin Masaka don ta riga cunkoso a duhu take fita, a duhu take komawa. A maimaita da damina da rani. Ciyawar da ke kai ƙugu a Satumba babu ita a Fabrairu, kuma hanyar ratse ta rani takan zama rafi da damina.

Haske ne wurin da aka fi yin sakaci, a rubuta "akwai fitila" ko "babu fitila" a wuce. A nemi na'urar auna haske ta hannu, don manhajojin waya ba su da tabbas a duhu. A auna a ƙasa, a kan inda ƙafa ke takawa, sau ɗaya a gindin turke, sau ɗaya a tsakiyar turaku biyu. Sannan a ɗaga na'urar zuwa mita ɗaya da rabi tana fuskantar mai tahowa, domin buƙatar mace ita ce ta gane fuskar mutum tun yana nesa da ita taku biyar ko shida, ta san ko za ta tsallaka ko ta juya. Ƙa'idar Turai ta hasken hanyoyin ƙafa ta kama daga matsakaicin laks 2 zuwa 15, gwargwadon wurin (laks shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Farin wata na daren sha huɗu bai kai rabin laks ba. A lura da tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da mafi duhu. Fitila mai ƙarfi da baƙin duhu a bayanta illa ce, don ido yana sabawa da hasken, ya kasa ganin wanda ya raɓe a inuwa.

A manyan hanyoyin Abuja za a tarar da dogayen turaku suna haskaka wa motoci kwalta, gefen mai ƙafa kuwa rassan bishiya sun tare shi. Na sola suna da tasu matsalar. Batir kan yi sanyi, ƙurar hunturu ta rufe faranti, hadarin Agusta ya hana caji, sai fitilar da ke ƙyalli da ƙarfe 8 na dare ta dushe kafin kiran asalatu, daidai lokacin da masu shara da ma'aikatan asibiti ke fitowa. Wanda ya auna da farkon dare kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba. A ba kowane turke lamba, a rubuta irinsa da halin da aka same shi a ziyara uku.

Gadar tsallake titi darasi ce mai zaman kanta. An saba zargin mutane da taurin kai don sun bar gada suna ratsa hanya mai layi huɗu ko biyar. Aikin mai bincike ƙirga ne. Minti 15 a kowace awa, mutum biyu, ɗaya yana ƙirga masu hawa, ɗaya masu ratsawa ta ƙasa, kowanne yana ware maza da mata da masu goyo ko kaya. In da rana mata suna hawa, da dare suka koma ratsa titi, to sun auna haɗari biyu ne suka ga gara mota da mutum. Sai a hau gadar a nemi dalili. Matakala nawa ce? Daga ƙasa ana hango na sama, ko allunan talla sun rufe gefe biyu? Ƙafar gadar a ina ta sauka, gaban shaguna ko cikin ciyawa? Nawa ne nisanta da inda motoci ke tsayawa da gaske? Gada ƙofa biyu gare ta kacal, in aka tare gaba da baya babu mafita.

Tun 1961 Jane Jacobs, marubuciya kan birane a Amurka, ta nuna cewa titi yana samun tsaro ne daga idanun masu zama da masu sana'a a gefensa. Unguwannin masu hali na Abuja sun yi hannun riga da wannan: dogayen katangu masu waya a kai, ƙofa a rufe, sai a yi tafiya mai nisa babu taga ɗaya da ke kallon titi. Ana iya auna shi, a ƙirga ƙofofi da tagogi da teburan sana'a da ke fuskantar hanya a kowace mita 100. Amma ba kowane ido ne ke kwantar wa mace hankali ba. Mai gasa masara, mai ƙosai, yarinya mai POS da fitilar cajinta, kusa da waɗannan mata kan matsa su jira mota. Majalisar samari a teburin mai shayi ko dandazon 'yan kamasho a bakin tasha kuwa sau da yawa tsallake titi ake yi a kauce musu, ko da yake mai shayin da ya san fuskar kowa shi ne kan fara kai ɗauki in an yi ihu. Saboda haka rubuta "akwai jama'a" bai isa ba, sai an faɗi su wane ne, me suke yi. A kuma lura da abin da ke biyo bayan korar 'yan tireda daga bakin hanya: wuri ya yi fes, ya kuma yi tsit.

Kada a manta da banɗaki. Macen da ke yini a kasuwa ko tasha, in babu banɗaki mai sakata da haske, ko dai ta ƙi shan ruwa ko ta nemi bayan gini. A duba ko ƙofarsa jama'a take kallo ko lungu, da wanda ke karɓar kuɗi a bakinsa.

Waɗanda ba a gani a tasha

Abin da ya fi lalata sakamako shi ne wa aka tambaya. Wanda ya tsaya a tasha da ƙarfe 9 na dare zai haɗu ne da matan da suka jure suke fita. Wadda ta bar aiki saboda hanya, da wadda miji ko mahaifi ya hana fita bayan an yi wa maƙwabciya ƙwace, suna gida, kuma su abin ya fi yi wa illa. Dole rabin aikin ya koma unguwa: gida-gida, Islamiyyar matan aure, ƙungiyoyin mata na coci, asibitin awo. A ba wasu 30 zuwa 40 takardar rubuta tafiye-tafiyensu na kwana uku, ina, da me, nawa, da wa, har da inda aka so zuwa aka fasa. Nan za a ga cewa tafiyar mace ba ta cika zama kai tsaye ba. A kai yara makaranta, a biya kasuwa, a leƙa mara lafiya, kuma kowace tsayawa sabon jira ne a bakin titi.

Batun adadin waɗanda za a tambaya, kowa ya haddace 384, abin da lissafi ke bayarwa in ana son tabbacin kashi 95 da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba. Amma wannan na wanda ya zaɓo mutane ɗaiɗai ne da ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye. In unguwa-unguwa aka ɗiba, amsoshin maƙwabta kan yi kama da juna, sai a ninka da 1.5 aƙalla ya zama 576, a ƙara kashi 10 saboda masu ƙin amsawa. Jerin sunayen ma babu shi, don ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, kuma unguwanni da dama na yau daji ne a lokacin. Mafita ita ce hoton tauraron ɗan'adam: a shata unguwa murabba'i-murabba'i, a zaɓi wasu da ƙuri'a, a ƙirga rufin gidajen ciki, a riƙa shiga kowane gida na biyar ko na goma. A sa maza a ciki, ko da kashi ɗaya bisa uku ne, in ba haka ba babu yadda za a nuna cewa abin da aka gano ya fi shafar mata a kan duk wani mai tafiya a ƙafa.

Izinin kwamitin ɗa'ar bincike yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 kan binciken cin zarafin mata har yanzu su ne madogara: mace ɗaya a kowane gida, hira a keɓe, mai tambaya mace da aka horar, da wasu tambayoyi marasa nauyi a ajiye da za a juya gare su nan take in wani ya shigo ɗaki. A unguwannin Hausawa na Dei-Dei, Zuba ko Mararaba, da gaisuwa wajen mai unguwa ko sarkin Hausawa ake farawa, sau da yawa kuma sai maigida ya yi izini. Izininsa na shiga gida ne. Yardar amsa tambaya tata ce ita kaɗai, kuma abin da ta faɗa ba a mayar masa. Namiji mai wannan bincike ya auna fitila, ya ƙirga masu hawa gada, hira kuwa ya bar wa mata.

Kafin tambaya ta farko, a riƙe takardar inda za a tura wadda ta buɗe cikinta: asibiti mafi kusa, lambar gaggawa ta 112, da hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, wadda dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta ɗora wa alhakin aiwatarwa a Abuja. Kada a rubuta suna a fom, kada gidan kowa ya fito daidai a taswira, kada fuska ko lambar mota ta fito a hoto. Zagayen dare ba a yin sa mutum ɗaya ko biyu. A ajiye mota a kusa, a kuma sanar da ofishin 'yan sandan yankin da takardar jami'a.

Akwai haɗarin da kowane malami mai duba kundi ya kamata ya sa wa ido. Taswirar da ta shafa wa unguwar talakawa jan launi da sunan matattarar laifi tana iya zama hujja a hannun mai neman rusau. Garin nan ya ga rusau mai yawa tsakanin 2003 da 2007, kuma bai daina gani ba. Matan da suka ba da lokacinsu suka nuna lungunan da ke ba su tsoro ba su yi haka don a wayi gari katafila ta kwashe ɗakunansu ba. Zangon titi za a yi wa launi, a rubuta abin da ya lalace a wurin: turke huɗu a mace, kango ɗaya, murfin kwalbati da aka sace. Haka nan shawarar ƙara jami'an tsaro sai da hujja daga bakin matan. A 2017 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa an take haƙƙin wasu mata da jami'ai suka kama a titunan Abuja aka yi musu laƙabin karuwai. Ga wasu mata, motar sintiri tana cikin abubuwan da ake gudu, kuma dole fom ya ba da damar faɗin haka.

Wajen nazari, da sauƙi a ga duhu da tsoro sun zo tare a ce duhu ne sanadi. Wuri mai duhu yawanci shi ne kuma mara jama'a, mara shago, mai ciyawa, sai an ware tasirin kowanne da lissafi, kuma ko an yi hakan binciken lokaci guda alaƙa kawai yake nunawa. Shaidar ƙasashen waje ma bakinta bai zo ɗaya ba. Bitar da masana binciken laifuka Welsh da Farrington suka yi wa bincike 13 na Amurka da Birtaniya ta sami raguwar laifi da kusan kashi 21 bayan gyaran fitilu, har da laifin rana, abin da ke nuna cewa ganin ana kula da unguwa ma yana aiki. Nazarin 2015 na ƙananan hukumomi 62 a Ingila da Wels kuwa bai ga ƙaruwar laifi ba bayan an rage fitilu ko an kashe su da tsakar dare. Kuma yawancin waɗannan da rajistar 'yan sanda aka yi su, a garuruwan da ake kai ƙara.

Abin da zai cike giɓin, musamman ga mai digiri na uku, shi ne bin gyara. In aka ji za a sa fitilu a wani titi ko za a buɗe sabuwar tasha, a auna kafin a fara, a sake bayan wata uku da wata tara, tare da wani titi makamancinsa da ba a taɓa ba don kwatanci. Ma'aunin da ya fi wuyar musu shi ne kason mata a cikin masu wucewa da ƙarfe 8 na dare. In ya tashi a titin da aka gyara bai motsa a ɗayan ba, an sami abin faɗa. Aunawar wata tara ce ke tona ko batir ya riga ya mutu.

Babin shawarwari a rubuta shi da adireshi. Hanyar mace ɗaya daga Masaka zuwa Garki tana ratsa hukumomi da yawa: lungun gidanta na ƙaramar hukumar Karu ne ta jihar Nasarawa, hanyar Keffi ta gwamnatin tarayya ce, Nyanya tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar birnin Abuja, wato AMAC, titunan cikin birni hukumar raya babban birnin tarayya, FCDA, ce ta gina su, tashoshi da motocin haya kuma na sashen sufuri na yankin babban birnin ne. Shawarar da ba ta ambaci mai yi ba babu mai ɗauka. A jera su bisa tsada. Sare rassa, yanke ciyawa, cire allunan da suka rufe gada da mayar da murfin kwalbati aikin wata guda ne da ma'aikatan da ake da su. Gajerun turakun fitila na mita huɗu ko biyar a gefen masu ƙafa, da rumfar jira mai haske a inda mutane ke tsayawa da kansu, da filin masu ƙananan sana'a kusa da ita, sai kasafin shekara. Rage tsawon katangar da ke fuskantar titi da tilasta katange kango kuwa sai an taɓa ƙa'idar gini. Kowace shawara a liƙa mata lambar zango da hoto da ma'aunin da aka samu.

Bayan kare kundi, a taƙaita shi a shafi biyu da Hausa da Turanci, a koma wa matan da aka yi zagayen da su a karanta musu, su gyara inda aka fahimce su ba daidai ba, sannan a kai wa ofisoshin da aka ambata.